Taurari Takwas a Ofishin Ruwa

"Kowa ya juya baya," in ji Alhaji Badaruddeen, shugaban ƙungiyar manoman rani. Shi ya fara juyawa ya fuskanci bango, babbar rigarsa ta cinye rabin ofishin.

Suhaibu malamin gona ya juya. Lukmanu mai buɗe ƙofofin ruwa shi ma ya juya, har ya ƙara da rufe ido da tafin hannu, shi da bokonsa bai wuce lambobi da sunayen ranaku ba. Hambali, sakataren ƙungiyar, ya rage shi kaɗai yana fuskantar kwamfuta. Ya danna haruffa takwas, taurari takwas suka jeru a cikin ɗan akwatin da ke tsakiyar gilashi. Na'urar ta nemi ya maimaita, ya maimaita.

"An gama, Alhaji."

"To Suhaibu, gwada mu gani."

Suhaibu ya zauna ya nemi buɗe manhajar rabon ruwa, akwatin ya tare shi. Ya gwada sunan ƙungiya, ya gwada sunan Hambali, ya gwada ɗaya zuwa takwas, duk a banza. Ya koma manhajar buga wasiƙa, nan ma a kulle. Hatta wasan katin da yake ɓata rabin yini a kai bai tsira ba.

"Har da wannan, Sakatare? Me kati ya yi maka?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Madalla. Kwaɗo ba ƙarfe, makulli a cikin kai. Allah ya yi maka albarka, Hambali. Da tun farko haka muka yi, da ba mu ji kunya ba."

Hambali ya ce amin, kansa a ƙasa.

Kwamfutar nan ita kaɗai ce a ofishin, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a gefen hanyar Kura zuwa Bunkure. Shekara biyu ke nan da wata hukumar tallafi ta kawo ta, kuma tun daga ranar ta zama kamar randar masallaci, kowa da lokacin da yake tsoma moɗa. Suhaibu na rubuta rahotonsa. Sa'a mai buga takardu na buga wasiƙun manoma. Hambali kuma shi ke riƙe da jadawalin ruwa, wato wace kanal ce cikin magudanan ban-ruwan za a buɗe wa ƙofa a wace rana. Duk Asabar a buga, Alhaji ya doka hatimi, a liƙa ɗaya a ƙofa, a ba Lukmanu ɗaya. Abin da takarda ta ce shi Lukmanu ke yi, ko da uwarsa ce ke da gona a ɗaya ɓangaren.

Mako uku da suka wuce ruwa ya ja baya, saboda ana yashe babbar kanal. Hambali yana da 'yar gonar aro a kanal ta biyu, sunan surukinsa ne a rajista. Tumatirinsa ya fara 'ya'ya, ganye ya fara naɗewa, ranar ruwansu kuwa sai Laraba. Kanal ta shida ke da Lahadi. Ranar Juma'a, da ofis ya watse aka tafi masallaci, sai ya tsaya kamar yana neman hularsa. Ya buɗe jadawalin, ya mayar da biyu gurbin shida, ya mayar da shida gurbin biyu. Ko minti ɗaya abin bai ci ba, har ya samu huɗuba. Washegari ya ce zai leƙa kasuwa, ya roƙi Sa'a ta buga takardar ta kai wa Alhaji. Wannan kam ba mantuwa ba ce, ya san abin da ya sa ya yi haka.

Ya gaya wa zuciyarsa cewa kwana uku ba ya kashe tumatir. Gaskiya ne, in tumatirin ya kama ƙasa. Amma manoman yankin suna yin dashe ne da yammacin jajiberin ranar ruwansu, don shukar ta wayi gari da ruwa a gindinta. Malam Ahmadu, dattijon da gonarsa ke can ƙarshen kanal ta shida, shekara goma sha ɗaya yana shan ruwa ranar Lahadi, bai taɓa zuwa ƙofar ofis duba wata takarda ba. Ranar Asabar da yamma ya cire irinsa kaf ya dasa. Lahadi ya zauna bakin kanal tun asuba, ruwa bai zo ba. Kafin Laraba kashi biyu cikin uku na dashen ya ƙone.

Da aka zauna taro ana ta wa ya taɓa, wa ya taɓa, Hambali ne ya miƙe ya ce laifin na kwamfuta ne da aka bari a buɗe, kowa na iya shiga, ko da kuskure. Ya ce akwai wata manhaja a Kano da ke sa wa sauran manhajoji kalmar sirri, zai samo ta a faifai. Nufinsa a bar zancen mutum a koma zancen na'ura. Aka yi ta yaba masa. Sai dai mutane ba su bar zancen mutum ba. Wani ya tambayi wa ya fi zama a gaban na'urar. Wani ya tambayi wa ya buga takardar ranar. Wani daga baya ya yi ƙasa da murya ya tuna wa jama'a cewa gonar mahaifin Sa'a a kanal ta biyu take.

Yanzu da aka gama gwajin, Alhaji ya sallami Suhaibu da Lukmanu, ya ja kujera kusa da Hambali.

"Akwai wasiƙar da za ka buga. Kwamiti ya yanke a sallami Sa'a."

Hambali ya ɗago kai. "Alhaji, tunda an riga an kulle, ai ina ganin ba sai..."

"Mutanen kanal ta shida suna so su ga an yi wani abu. Ba za mu ce da gangan ta yi ba, albarkacin mahaifinta Malam Abdulsamad. Ni na je har zaurensa na roƙe shi ya bar ta ta yi aikin nan bayan rasuwar mijinta, na ce amanarta a wuyana. Ka ga inda aka kwana. Ka rubuta sakaci kawai. Bayan la'asar zan dawo in sa hannu."

Alhaji bai daɗe da fita ba Sa'a ta yi sallama. Ta gaishe da Hambali, ta ajiye jakarta, ta zauna a gaban kwamfuta da wata wasiƙar hannu da wani manomi ya ba ta. Akwatin ya tare ta. Ta ɗan jima tana kallonsa.

"Malam Hambali, ko za ka buɗe min in buga wa Baba Ibrahimu takardarsa? Tun shekaranjiya yake jira."

"Alhaji ya ce kada a buɗe wa kowa, Malama Sa'a."

"To." Ta naɗe wasiƙar a hankali. "Ai ya yi daidai."

Ya yi zaton za ta yi fushi, har ya so ta yi, don da fushi ya fi sauƙin ɗauka. Maimakon haka sai ta zaro wani ɗan littafi mai bangon ruwan ƙasa daga jaka. Ya san littafin. A ciki take rubuta duk abin da ya koya mata tun zuwanta, mataki-mataki, har da zanen maɓallai.

"Kwana da kwanaki ina tunani," ta ce. "Ranar da ka ce in buga, na tuna linzamin kwamfutar nan ya ɗan suɓuce min. Ban ga komai ya canza ba, amma ka san idona bai kai naka ba. Na duba littafin nan daga farko har ƙarshe ban ga inda aka ce layi na iya tsallake layi ba. Kai ka koya min, ka san hannuna. Don Allah gaya min gaskiya, zai iya faruwa?"

Janareta na ta ƙugi a bayan ɗakin. Hambali ya kalli littafin, ya kalli tagar.

"Yakan faru," ya ce.

Ta gyaɗa kai, kamar wadda likita ya tabbatar mata da ciwon da ta riga ta sani. "Dama na faɗa wa babana. Ya ce ko da kuskure ne, haƙƙin mutum haƙƙin mutum ne. Jiya na je wurin Malam Ahmadu na nemi gafara." Ta mayar da littafin cikin jaka. "Bari in zauna a waje. In akwai abin sharewa ko jerawa, ka kira ni."

Tun da Hambali ya yi wayo bai taɓa jin ya tsani kansa kamar lokacin ba. Zaman ofishin ya gagare shi. Ya kashe janareta, ya hau babur ya nufi gona, ko iska ta ɗan rage masa abin da ke cinsa.

Iska ba ta rage komai ba. Tumatirinsa ya yi kyau irin wanda mai wucewa ke tsayawa ya ce tubarkalla. 'Ya'ya sun yi nauyi har rassa na taɓa ƙasa, wasu sun fara ja. Matarsa Rekiya tun makon jiya take zancen kwandunan da za a nemo. Ya tsinki guda ɗaya ya riƙe, ya ji ba zai iya kai shi baki ba, ya ajiye shi a kan kunya.

A dawowa akwai hanya ta gefen titi, amma sai ya tsinci kansa yana bin bakin kanal ta shida. Can ƙarshe, inda ruwa ke isa a gajiye, ya hango Malam Ahmadu a duƙe, yana tsuga masara a guraben da dashe ya mutu. Fangali bayan fangali, tsiron tumatir ɗaya a nan, biyu a can, sauran duk ƙasa ce fara. Hambali ya so ya wuce, dattijon ya riga ya ɗaga masa hannu.

"Sakatare da kansa. Sannu da zuwa."

"Sannu da aiki, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Lokacin iri ya wuce, shi ne na ce bari in sa masara, kada ƙasa ta zauna haka." Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. "Lukmanu ya biyo ta nan ya ba ni labari. Ya ce ka ɗaure na'urar tamau, ko malamin gona ya kasa kwancewa."

"An dai yi ƙoƙari."

"Allah ya saka maka. Yanzu da yake a hannunka take kai kaɗai, ko barci na yi ranar Asabar na san Lahadi ruwa zai zo." Ya goge fuska da gefen riga. "Yarinyar nan ta Malam ta zo jiya. Ta durƙusa a nan inda kake tsaye, tana kuka. Na ce tashi 'yata, na yafe miki duniya da lahira. Me zan riƙe ta da shi? Sai dai na aika wa mahaifinta, na ce aikin na'ura ba nata ba ne, ya bar ta a gida ta kula da marayunta."

Hambali ya dubi ƙasar da yake tsaye a kai, ya ja ƙafarsa baya. Yafiyar da yake bukata an riga an bayar da ita, wadda ba ta ci ba ta sha ba ta zo ta karɓa da hawayenta. Shi kuwa ga shi a tsaye ana sa masa albarka.

"Ka yi shiru, Sakatare. Ko rana ce?"

"Rana ce, Baba."

"To maza ka je inuwa. Ku mutanen ofis ba ku saba ba."

Ya yi azahar a masallacin bakin hanya, ya koma ofis. Sa'a na zaune a benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta share harabar tas, har ta yayyafa ruwa. Ya wuce ta bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ta da janareta, ya zauna, akwatin ya tare shi kamar yadda ya tare kowa. Sunan 'yarsa Saude ya sa da safe, da lambobi uku a baya. Ya danna, na'urar ta buɗe masa komai ba musu.

Wasiƙar ba ta da wuya. Ya sha buga irinta. Kwamiti na sanar da Malama Sa'a Abdulsamad cewa saboda sakacin da ya jawo sauya ranakun ruwa, an sallame ta daga yau. Ya buga ta fito da ɗuminta. Ya karanta, babu kuskure ko ɗaya. Ya ajiye ta a kan tebur ya zauna yana kallonta har fanka ta fara ɗaga gefenta.

Daga nan ya koma kan gilashi. Ya goge sunanta ya sa nasa. Ya goge sakaci ya rubuta da gangan. Ya ƙara layi uku, ya faɗi ranar, ya faɗi gonar aron, ya faɗi dalilin da ya sa ya ba Sa'a bugawa. Wannan ma bai ci lokaci ba. Ya buga ta, ya sa ta ƙarƙashin ta farko. Kada mai karatu ya ɗauka Hambali ya zama jarumi a nan. Bai yanke komai ba. Ya dai gaya wa kansa cewa takarda ce, in ya ga dama ya yaga ta.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo, Lukmanu na biye da shi riƙe da makullan ƙofofin ruwa. Alhaji ya sauke Alƙur'ani tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, ajami kuwa ko a duhu zai karanta, amma boko bai taɓa shiga kansa ba. Don haka ƙa'idar ofishin ita ce sakatare ya karanta kowace wasiƙa a bayyane, Alhaji ya saurara da ido a rufe, sannan ya sa hannu. Shekara shida suna haka, bai taɓa neman wani ya duba masa ko abin da aka karanta shi ne a rubuce ba.

Ya zauna, ya zaro biro daga aljihu, ya rufe ido. "Bismilla."

Hambali ya ɗauki takardun biyu. Ta tagar yana hango gefen mayafin Sa'a a kan benci. Ya kai ido kan ta sama. Ya tuna da safe, yadda dattijon nan mai jikoki ya juya ya fuskanci bango don kawai ya ba shi sirri. Ya zare ta ƙasan ya ɗora a sama.

Ya karanta. Da ya kai wurin da gangan, makullan hannun Lukmanu suka daina ƙara. Ya karanta har ƙarshe, har da kwanan wata.

Alhaji bai buɗe ido nan da nan ba. Da ya buɗe, bai kalli Hambali ba, biron hannunsa ya kalla.

"Ɗan nan, ka san abin da ka karanta?"

"Na sani, Alhaji."

"Ni na tsaya a gaban mutane na ce a yi koyi da kai." Ya murza biron a hannunsa. "Na je zauren Malam Abdulsamad shekaranjiya na zauna ina ba shi haƙuri a kan 'yarsa, shi kuma yana ba ni haƙuri. Tsofaffi biyu, kowa kansa a ƙasa." Ya juya wurin Lukmanu. "Kira min ita."

Sa'a ta shigo ta rusuna daga bakin ƙofa. Daga ganin takarda da biro ta san an zo inda take tsoro, ta gyara mayafi ta tsaya.

"Sake karantawa," in ji Alhaji. "Ta ji da kunnenta."

Karo na biyu ya fi na farko ɗaci. Hambali bai ɗaga kai ba har ya gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan jakar da littafin yake ciki.

"Ɗazu na haɗa ka da Allah," ta ce a hankali. "Ka ce min yakan faru."

Hambali ya ajiye takardar a kan tebur.

Alhaji ya ja takardar ya sa hannu, ya doka hatimi da ƙarfin da ya girgiza teburin. Ya ɗauki ɗayar ya miƙa wa Lukmanu ya ce a sa a wuta. "Hambali, maganarka tana gaban kwamiti, da gaban Malam Ahmadu. Yanzu buɗe abin nan ka cire makullinka. 'Yata, kin iya sa naki?"

"In ya kai ni wurin, zan iya, Baba."

Hambali ya danna sunan 'yarsa karo na ƙarshe, ya kai ta inda ake sauyawa, ya tashi ya ba ta kujera. Akwatin na nan fari, yana jira.

"Kowa ya juya baya," in ji Alhaji, ya juya. Lukmanu ya juya ya rufe ido. Hambali ma ya juya ya fuskanci bango, ya tsaya yana sauraron ƙarar maɓallai. Shiru, ba a danna komai ba.

"Baba," in ji Sa'a, "shi ya fita waje tukuna."

Alhaji bai juyo ba. "Ka ji."

Hambali ya fita, Lukmanu ya turo ƙofa a bayansa. Jadawalin makon nan na liƙe a jikinta daidai fuskarsa, kanal ta shida, Lahadi. Daga ciki ya ji yatsunta sun fara aiki, da sauri, yadda ya koya mata. Ya ɗauki hularsa daga kan babur ya sa. Rana ta yi sanyi, amma ya san Malam Ahmadu ba ya barin gona sai an kusa kiran magariba. Bai ta da babur ɗin ba, ya bar shi a ƙarƙashin mangwaro ya kama bakin kanal da ƙafa.